Mai Kallon Talabijin a Kashe

Kafin a kira la'asar, Isma'ila ya riga ya huda bangon falonsa a wuri uku. Garin siminti ya yi masa furfurar dole a gira da gemu, injin hudar da ya aro yana ta gurnani a hannunsa. Yayansa Abdulaziz na tsaye a tsakiyar ɗakin rungume da sabon talabijin, irin shafaffen nan na maƙalawa a bango, baƙi wuluk, faɗinsa ya kai ƙyauren taga.

"Isma'ila, in ka sake canza bango, ƙasa nika aje shi in yi tahiyata," in ji Abdulaziz.

"Ƙara haƙuri, Yaya. Yanzu mu ƙare."

Isma'ila kayan babur yake sayarwa a Sabon Garin Gusau, kuma irin mutanen nan ne da ko ƙwan fitila ba sa bari wani ya ɗaura musu. Mai shagon da ya sayar masa da talabijin ya ce zai haɗa shi da wanda zai kafa masa, ya ce ya gode. Ba rowa ba ce. Shi dai a wannan zamani bai ga dalilin da zai sa ya shigo da baƙon ido har falonsa, ya ƙare wa ƙofofi da tagogi kallo ba. Dama tsoron fita bayan magariba ne ya raba shi da gidan kallon ƙwallo, har ya kai shi ga sayen abin.

Bangon farko da ya huda yana fuskantar tagar titi. Suna ɗagawa don gwaji, rana ta daki gilashin, ba ka ganin komai sai hasken taga. Bango na biyu ya yi daidai, har an ɗaure ƙarfen maƙalawar, sai Abdulaziz ya tuna masa cewa nan ne gabas, kuma nan yake shimfiɗa sallaya in ruwan sama ya hana shi zuwa masallaci. Isma'ila ya hango kansa yana ruku'u a gaban 'yan ƙwallo, ya ɗauko sukudireba ya kwance. Saura bango ɗaya, wanda ke kallon ƙofar shiga tsakar gida.

Nan ma sai da aka sha fama. Ya tura doguwar kujera har ta jingina da bangon da ke fuskantar wurin, ya zauna, ya miƙe wuya, ya sa Abdulaziz ya shata da gawayi daidai inda idonsa ya sauka. Da aka rataye, sai ya sauko ya kishingiɗa a kan darduma, ya ce wuyansa na ƙagewa. Ya miƙe ya sassauta noti, ya ɗan sunkuyar da kan talabijin ɗin, ta yadda na kujera da na ƙasa duk za su gani ba tare da ɗaga haɓa ba. Ya tattara wayoyi ya cusa cikin siririn bututun roba, ya buga shi a jikin bango. Sannan ya ja da baya yana duba aikinsa, kai ka ce shi ya ƙera abin.

Matarsa Wasila ta ɗan ɗaga labule daga tsakar gida, ta gaida Abdulaziz, ta dubi bangayen da suka sha huda.

"Sannunku da aiki. Ramun ga hwa, na ƙadangaru na?"

Abdulaziz ya yi dariya har da tari. Isma'ila ya ce za a cike, ya danna rimot. A daidai lokacin masu wuta suka ɗauke kayansu.

Juma'ar da ta biyo baya, Labbo ya yi sallama a ƙofar gidan.

Labbo shi ne mahaifin Wasila, makiyayi, rugarsa na bayan duwatsun Kwatarkwashi. Dogo ne siriri, da farin rawani da sanda. Wasila ce 'yarsa ta fari, shi kuwa mutumin da ne a kan kunya. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga goggonta a Tsafe, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa dubanta ido da ido ba. In ta zo ruga gaisuwa, sai ya tuna da wata saniya da ke buƙatarsa a bayan garke. Ko ɗaurin aurenta ƙanensa ya wakilta. Gidan Isma'ila kuwa bai taɓa taka shi ba, sai wannan rana da ya shigo gari sayen maganin dabbobi, hadari ya taso masa a kusa da unguwar, ba inda zai raɓa.

Isma'ila ya rasa inda zai sa shi don murna. Ya nuna masa doguwar kujera, Labbo ya ƙi. Ya zauna a ƙasa a gefen kujerar, ya jingina da bango, bayansa na ga tsakar gida, kamar dai yadda ya dace da uban 'yar fari. Wasila ta gaishe shi daga can ciki, ya amsa da wani gunaguni wanda ba za ka ce da ita yake ba. Hadarin ya watse ba a yi ruwa ba, rana ta sake fitowa, amma tsohon bai tashi ba. Ya kafa wa talabijin ido.

"Bari in ta da janareta, Baba, ka ga yadda shika hwitowa," in ji Isma'ila.

"A'a. Bar shi hakanan."

Labbo ya zauna har inuwa ta karkata, sannan ya yi sallama ya tafi.

Juma'a ta zagayo, sai ga shi kuma, wannan karon da ɗan goran man shanu. Ta gaba ma haka. Kullum wuri ɗaya, kullum zama ɗaya, kullum ido a kan baƙin gilashi. Rannan akwai wuta, Isma'ila ya kunna masa tashar da ake nuna shanun Turawa masu nono har ƙasa, a tunaninsa ya samo abin da zai burge makiyayi. Labbo ya kalla jim kaɗan, ya ce hasken na sa masa ciwon kai. Da Isma'ila ya yi jinkirin kashewa, tsohon ya jawo takalmansa.

Abdulaziz ne ya fara faɗin abin da Isma'ila ke juyawa a ciki. Suna zaune a shago, ya matso da benci ya rage murya.

"Masallacin Jumu'a ya ƙare Kwatarkwashi, ko na Bunguɗu anka ruhe? Mutum shi bar shanunai, shi biyo wagga hanya da kowa ka tsoro, shi zo shi zauna gaban talabijin da ba a kunna ba?"

"Surukina na, Yaya."

"Na sani. Wanda anka ɗauke bayan layinku watan jiya, wa kaka zato ya nuna gidanai? Aljani? Wanda ka shiga shi hita na, wanda aka ba ruwa shi sha."

Isma'ila ya shiga goge wata sarƙar babur da ba ta buƙatar guga. Gaskiya ne an ɗauki wani ɗan kasuwa a unguwar, kuma tun daga lokacin kowa ke duban kowa da gefen ido. Mai kai ruwa ya zama abin zargi, mai gyaran takalmi ya zama abin zargi. Balle mutumin da ke kwana a bayan duwatsu.

"Ban ce shi na ba," in ji Abdulaziz. "Amma mutanen daji in sunka riƙe ma mutum shanu, ba abin da ba su sa shi. Ka dai buɗe kunne."

Isma'ila ya buɗe kunne, kuma kunnen da aka buɗe don zargi ba ya dawowa hannu wofi. Juma'ar nan Labbo, wanda ba ya haɗa jimla biyu a zama guda, ya nuna talabijin da haɓa.

"Wanga abu, nan shika kwana? Ba a gusar da shi?"

"Nan shike, Baba. Da kusoshi anka kama shi."

"Madalla."

Can kuma, ba tare da ya waiwaya ba, ya ce, "Ƙohwar ga ta bayana, kullum buɗe take?"

Isma'ila ya saci kallonsa. Ya ce in ana zafi ne kawai ake ɗage labule. Don ya gwada shi, ya miƙe ya saki labulen, ya ja ƙyauren. Ba a jima ba Labbo ya ce hanya na jiransa, ya tafi tun rana na tsaka, ko ruwan da aka kawo masa bai shanye ba.

Da yamma Isma'ila ya tarar da Wasila tana kwashe shanya, ya tsaya kusa da ita yana 'yan kame-kame.

"Baba ya saba da mu kwanan ga."

Ta ci gaba da ninke zane.

"Ko ya taɓa aiko miki da wani saƙo? Lahiya dai can rugar?"

"Malam, ka san ba mu magana," in ji ta, ta shige ɗaki da kayan.

Shekarun da suka yi tare, bai taɓa jin tana ɓoye masa komai ba sai ranar. Ya ga ta sunkuyar da kai, ya ga yadda ta yi saurin shigewa, ya haɗa wannan da wancan ya sami abin da yake nema. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don yana sonta, kuma ba ya ƙin tsohon. Amma tsoro ya riga ya zauna masa a ƙirji, duk inda ya juya yana nan.

Ranar Alhamis ya je wurin Bashar, shugaban 'yan sintirin unguwa, wani ƙaƙƙarfa mai jan ido da ke facin taya a bakin layi. Ya ce akwai wani tsoho daga daji da ke zuwa gidansa duk Juma'a, ba ya cewa komai, ba ya bari a kunna talabijin, sai tambayar ƙofofi. Ya ce ba so yake a taɓa shi ba, a dai tsayar da shi a ji abin da ke tafe da shi. Kalmar suruki ta zo masa har baki, ya haɗiye ta.

Washegari ya baro masallaci da wuri. Abdulaziz ya ba shi shawara ya sauke talabijin ɗin ya mayar uwar ɗaka, kada ya zama abin nuni. Ya ɗauko sukudireba ya tsaya a gabansa, ya tuna wahalar da ya sha kafin ya samo wannan tsawo da wannan sunkuyo, ya kasa taɓa ko noti ɗaya. Sai wata dabara ta zo masa. Kafin ya kwance, bari ya zauna inda tsohon ke zama, ya ga abin da idon mai leƙen asiri ke ƙirgawa daga nan.

Ya zauna a ƙasa a gefen kujera, ya jingina da bango. Ya dubi sakatar ƙofar waje: ba a ganinta sosai daga nan. Ya dubi tagar titi: sai ka karya wuya. Mabuɗan shago da ke rataye a ƙusa, kujera ta kare su. In dai wurin leƙe ne, tsohon ya zaɓi mafi muni a ɗakin. Ya ɗaga kai ya dubi talabijin.

Gilashin baƙi ne, ɗakin da ɗan duhu, amma a tsakiyarsa ga ƙofar tsakar gida nan tangaran, da hasken rana a cikinta. Sunkuyon da ya yi wa talabijin don wuyansa ya kawo ta daidai idon mai zama a ƙasa. A cikin hasken ga Wasila zaune a kan 'yar kujera, da faifai a cinya, tana tsintar shinkafa. Ana ganin hannunta yana kai da komo, ana ganin ɗankwalinta da ya zame baya, har da yadda take cije leɓe in ta ga tsakuwa. Mutum zai iya kallonta har ya ƙoshi, bayansa na gare ta, ba wanda zai ce ya dubi 'yarsa.

Isma'ila ya daɗe a zaune da sukudireba a hannu. Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Sai ya jiyo hayaniya daga bakin layi, ya zabura ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Ya tarar mutane sun yi zobe a gaban rumfar faci. Labbo na tsaye a tsakiya, kansa ba rawani. An warware shi an yar a kan benci, ana neman abin da aka ɓoye a ciki. Kusa da shi an baje abin da aka samu a aljihunsa: carbi, ɓarin goro, wata 'yar waya da aka ɗaure da roba. Goran man shanu na ƙasa kusa da ƙafarsa. Isma'ila bai taɓa ganin kan tsohon a buɗe ba, bai san furfurar ta kai haka ba.

"Tambayarka nika," Bashar ke cewa. "Wa gare ka gidan?"

Labbo ya dubi ƙasa. Kalma ɗaya ce za ta sa a sake shi, ya ce 'yarsa ce a gidan, kowa a wurin zai ba shi hanya in ya faɗe ta. Ba zai faɗa ba, ko da wuƙa a wuya.

"To mi kaka zuwa yi?"

"Kallo."

"Kallon mi?"

"Talabijin."

Wasu suka yi dariya. Bashar bai yi ba.

"Tsoho, kak ka raina muna wayo. Maigidan da kainai ya zo nan jiya, ya ce ko kunnawa ba ka bari a yi."

A daidai nan Isma'ila ya kutso cikin zoben. Labbo ya ɗago, suka haɗa ido, kuma wannan ne karo na farko da tsohon ya dube shi kai tsaye. Babu fushi a fuskar. Da ma akwai, da ya fi sauƙi.

"Ku sake shi," in ji Isma'ila. "Surukina na. Mahaihin matata na."

Bashar ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Ai ba haka ka hwaɗa man ba jiya, Isma'ila." Ya juya ga tsohon, ya rage murya. "Baba, ka yi haƙuri. Zamanin na ya zo da haka."

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Labbo ya ɗauki rawaninsa ya kakkaɓe, ya naɗa a hankali, zagaye bayan zagaye, ba ya sauri. Ya mayar da carbi da goro da waya aljihu. Sannan ya duƙa ya ɗauki goran man, ya miƙa wa Isma'ila da hannu biyu.

"A kai ciki."

"Baba, mu ƙarasa gida, don Allah. Ko ruwa ka sha."

"Na sha masallaci."

"Baba, ni na yi kuskure. Na zauna wurin. Na ga..."

Labbo ya ɗaga hannu kaɗan, maganar ta tsaya. Isma'ila ya gane ya ƙara ɓata abin. Tsohon zai iya jure zargi, ya ci gaba da zuwa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya sake zama a wurin nan alhali wani ya san abin da yake kallo.

"Allah shi ba mu alheri," in ji Labbo. Ya saɓa sandarsa ya nufi bakin titi, inda motocin Kwatarkwashi ke tsayawa. Bai waiwayo ba.

Isma'ila ya koma gida yana jan ƙafa. Ya ajiye goran a bayan ƙyauren falo, ya je ya tsaya a ƙofar tsakar gida yana neman ta inda zai fara. Wasila na nan inda take, a tsakiyar rana, gumi na bin wuyanta, alhali ga inuwar darbejiya a gefe ba kowa. Shinkafar ta daɗe da tsintuwa, fara tas a gefe ɗaya na faifan.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ɗan gusa daga bakin ƙohwa."

"Don mi?"

Ta juya shinkafar da ɗan yatsa. Sannan ta ce a hankali, kamar mai tsoron kada bango ya ji, "In ka tsaya nan, ba a ganin komi."

Ya waiwaya ya dubi gilashin, ya dawo da ido kanta.

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun zuwan hwarko." Ta ɗan yi murmushi, kanta a sunkuye. "Huskar ba ta hita sosai, ɗakin da duhu. Sai dai rawanin, da yadda aka aza hannu bisa gwiwa. Ban taɓa ganin an zauna an natsu ba, sai nan. Kullum baya nika gani, ana tahiya." Ta share gumi da bakin zane. "Yau an yi latti. Ko motar ta ɓaci?"

Isma'ila ya dubi goran man da ya ajiye a bayan ƙyaure. Ya ja jiki ya gusa daga bakin ƙofar.

Wasila ta gyara ɗankwalinta, ta tattaro shinkafar da ta gama tsincewa ta mayar tsakiyar faifai, ta sake farawa daga farko.